Korau Mai Zuma a Jirgin Shamuwa

Da sunan Wanda ya ɗaga tudu ya kwantar da teku, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi wutsiya, ya bar ɗan Adam da ƙafa biyu da zuciya mai son leƙa bayan dutse. Ku matso ku gyara zama. Mai goro ya fasa ya raba, mai tari ya yi abinsa tun yanzu, don in na kama hanya ba na son tsayawa sai na kai gaɓa.

Ni ne Korau ɗan Jatau, mutumin Rimin Kwalo a ƙasar Zangarma, inda duwatsu suka yi wa gari zobe, kuma ruwa mafi girma da muka sani shi ne tafkin da shanu ke sha. Sana'ar gidanmu zuma. Tun kaka da kakanni muke saƙa amya da ciyawa, mu hau ɗorawa da kaɗanya mu ɗora, in lokaci ya yi mu hau da hayaƙi mu sauko da saƙa tana ɗiga. To, wata shekara cuta ta faɗa wa ƙudan zumar ƙasarmu. Ka hau itace ka buɗe amya, ka tarar da ita shiru kamar kufai. Da farko mutane suka ce ai asarar Korau ce shi kaɗai. Sai da kabewa ta yi fure ta zubar ba ta ɗaura ɗa ba, ɗorawa ta hana kalwa, mata suka rasa daddawar miya, sannan gari ya gane ashe ɗan ƙwaron nan shi ke riƙe da tukunyar kowa.

Ana cikin haka wani falke ya sauka a zaurena, ya ce can bayan Babban Teku akwai tsibiri mai suna Wardiya, ƙudan zumarsu ba su san cuta ba. Na faɗa wa matata Lantana. Ba ta yi dogon zance ba, ta ƙulla mini dakuwa da ƙuli-ƙuli ta ce, "Maigida, tafi. Zaman da kake yi kana kallon itatuwa ya fi tafiyar ba ni tausayi."

Na yi ta tafiya har na iso Bakin Gishiri, birnin da jirage ke tsayawa. Da na ga teku sai na tsaya sororo. Na tambayi wani mai kifi, "Malam, don Allah ina ɗaya gaɓar?" Ya yi dariya har kwandonsa ya kife.

Manyan jirage duk suka ce ba su zuwa Wardiya, ta yi nisa. Aka nuna mini wani ɗan siririn jirgi mai suna Shamuwa, aka ce in akwai mai haukan zuwa can, to, mai jirgin nan ce. Jigo ɗaya gare shi a tsakiya, dogo kamar giginya, a jikinsa ake ɗaure filafilai, wato manyan zannuwan da ke kama iska su tura jirgi. Mai jirgin wata mace ce gajeriya, baƙa, mai furfura a goshi, sunanta Tabawa, amma kowa Uwar Jirgi yake ce mata. Mutum biyu ke aiki tare da ita: Bawa, wani ƙato mai gemu har ƙirji, shi ke jan igiyoyi, da Baba Cindo, tsoho mai yatsa shida, shi ke girki.

Na durƙusa na gaishe ta na faɗi buƙatata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan tudu, jirgina ba ya ɗaukar kaya mai cin abinci. Duk wanda ya shigo nan aiki ya kawo shi. Ka iya iyo?"

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe."

"Ka iya ƙullin igiya?"

"Na ɗaure akuya dai."

Bawa ya tuntsure da dariya. Ta ce, "To me ka iya?"

Na ce, "Hawa."

Ta ɗaga kai ta dubi jigo. Ashe mai hawa musu jigon ya yi aure ya ajiye teku, ga Bawa ya yi nauyi, ga Baba Cindo ya tsufa. Ta nuna mini wata igiya da ta sarƙe a can ƙoli. Na tuɓe takalmi, na rungumi jigon kamar kaɗanyar gonarmu, kafin Bawa ya gama share hawayen dariya na warware ta na sauko.

Uwar Jirgi ta ce, "Ba laifi. Amma ka sani, wannan itacen yana rawa. Shigo da ƙunshinka."

Da hantsi muka tashi. Bawa ya ja, filafilai suka buɗe suka cika da iska, Shamuwa ta karkata kaɗan ta tsaga ruwa. Ni kuwa tun ba mu daina hango birni ba cikina ya ce bai san zancen ba. Na kwanta a gefen jirgi ina mayar wa teku dakuwar Lantana, ina roƙon a sauke ni ko a kan dutse ne. Baba Cindo ya riƙa ɗura mini ruwan citta da tsamiya yana cewa, "Ɗana, daina kallon ƙafarka. Dubi can inda sama ta haɗu da ruwa, shi kaɗai ne ba ya motsi." Na bi maganarsa, sannu a hankali jiri ya sake ni, har wata safiya na farka da yunwa irin ta kura, na cinye tuwon mutum biyu.

Daga nan karatu ya fara. Bawa ya koya mini ƙulli iri-iri: wanda ja ke ƙara masa ƙarfi, da wanda fizga ɗaya ke kwance shi. Ya koya mini sunan kowace igiya, in na kama wadda ba ita ba ya ce, "Ƙanena, wannan matar wani ce, sake ta." Uwar Jirgi ta koya mini riƙon akala, wato itacen da ake juya jirgi da shi, da sanin iska ta fatar kunne. In za mu ja abu mai nauyi Bawa kan ɗaga murya, mu amsa:

Ja, Shamuwa, ja mu je,
Gida na baya, rabo na gaba,
Wanda ya ja shi ke cin ƙosai!

Ba ƙosai a jirgin, amma waƙar tana sa igiya ta yi sauƙi.

Ranar da na fara hawa jigo a tsakiyar teku, na gane abin da Uwar Jirgi take nufi. Itacen ya kai ni dama ya dawo da ni hagu, kamar uwa na jijjiga goyo. Da na kai ƙoli na buɗe ido, sai na ga duniya ta zama faifai shuɗi, mu ne ƙwayar gero a tsakiyarsa. Kifaye masu fiffike suna tashi garke-garke kamar fara. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni namiji. Daga ƙasa Baba Cindo ya ce, "Wa aka haifa?"

Muka yi ta tafiya cikin daɗi har muka shiga Tekun Barci. Nan iska ta mutu murus. Filafilai suka rataye kamar shanya, ruwa ya kwanta kamar man shanu a ƙwarya, rana ta tsaya a kanmu. Randunan ruwan sha suka fara amsa kira in an ƙwanƙwasa. Baba Cindo ya daina dafa abu mai gishiri, Bawa ya daina waƙa. Kullum ina hawa ƙoli ina dubawa, har wata rana na hango can yamma wani layi baƙi inda ruwa ya yamutse. Na yi kira, "Uwar Jirgi, ga iska can tana kiwo!" Amma nisan ya fi ƙarfin hannun mutum huɗu.

A tekun nan akwai wasu kifaye girman raƙumi, masu santsin jiki da dogon baki kamar kullum murmushi suke yi. Matuƙa na ce musu 'yan wasa. Ran nan gorar Bawa ta suɓuce ta faɗa ruwa, ɗaya ya ɗauke ta da baki ya ruga, sauran suka bi shi suna ƙwace. Uwar Jirgi ta zuba musu ido, can ta ce, "Cindo, kawo duk gorar da ke jirgin nan."

Muka ɗaure kowace gora da doguwar igiya, muka ƙulla a goshin jirgi, Bawa ya wurga su wajen yamma. 'Yan wasa suka cafke. Mu kuwa muka ɗauki tukwane da ludaya muna kaɗawa muna ihu, wai mu a ba mu kayanmu. Su kuma da suka ga ana so, sai suka ƙara wuta. Igiyoyi suka miƙe, Shamuwa ta yi ƙara ta zabura kamar an tsikari doki. Baba Cindo ya faɗi zaune cikin kwandon albasa bai daina kaɗa tukunya ba. Kafin la'asar iska ta taɓa kunnena. Muka yanke igiyoyin muka bar musu gorunan ladan aikinsu, washegari kuma aka yi ruwan sama muka cika randuna.

Teku ba ya ba da daɗi bai karɓi tukuici ba. Wata rana da azahar gabas ta haɗe, hadari ya taso da iska mai tsaga kunne. Raƙuman ruwa suka tashi sun fi soron sarki. Uwar Jirgi ta ce a sauke babban filafili, Bawa ya ja, igiya ta cije a ƙoli ta ƙi. Iska ta cika zanen ta danne jirgin har ruwa ya fara shigowa ta gefe. Uwar Jirgi tana riƙe da akala da hannu biyu, ta dube ni, ta dubi ƙolin jigo.

Bawa ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya zarga ta sama, ya naɗe ƙarshenta a damtsensa. Ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Hau. In ka faɗo, ni ne ƙasarka."

Na sa wuƙa a baki na hau. Ruwa na dukan idona, jigo na neman yar da ni. Na kai, na yanke igiyar, filafilin ya zube, jirgin ya miƙe da ƙarfi, miƙewar nan ta fizge ni daga jikin itacen. Na ga kaina ina lilo a sarari, ƙarƙashina ba komai sai baƙin ruwa mai kumfa. Na yi salati. Sai na ji ƙuguna ya ɗaure tam. Bawa ya sauko da ni a hankali kamar guga, igiyar ta yanke masa damtse har jini, bai saki ba.

Da hadari ya wuce muka zauna jiƙe sharkaf, muka dubi juna, sai dariya ta kama mu gaba ɗaya ba dalili. Uwar Jirgi ta miƙo mini ƙoƙon kunu mai zafi da hannunta ta ce, "Sha, Korau." Tun daga ranar ban sake jin ɗan tudu a bakinta ba.

Wardiya kuwa hanci ya riga ido ganinta. Ƙamshi ya tarye mu tun tana ɓoye, sannan ta fito, tsibiri lulluɓe da furanni tun daga gaɓa har kan dutse. Gidajensu ba ƙofa, ƙudan zuma na shiga suna fita kamar 'yan gida, kukansu ya cika iska har na ji hawaye ya zubo mini. Aka kai ni wurin shugabarsu, wata tsohuwa mai suna Iya Gwamma. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗana, mu ba ma sayar da su, ba ma kyautarsu, don ba namu ba ne. Saƙa amyarka ka ajiye. In sun shiga, sun zaɓe ka. In ba su shiga ba, kada ka taɓa ko ɗaya."

Na saƙa amya mafi kyau da na taɓa saƙawa, na turara ta, na ɗora a itace. Suka zo suka leƙa suka wuce. Na sauya itace, na sauya turare, a banza. Uwar Jirgi ta gama sauke gishiri da fatu, ta yi lodin kayan yaji, ga iskar komawa gida ta fara rauni, in ta wuce sai wata shekara. Na ce mata, "Ku tafi, ni zan zauna." Ta ce, "Da mutum huɗu Shamuwa ta zo." Ta ƙara jira har Baba Cindo ya fara kallon sama yana tsaki. Daga bisani ni da kaina na sauko da amyar na ce mu tafi, Allah bai nufa ba.

Mutanen Wardiya suka yi mana walimar sallama da safe. Bawa ya ci saƙar zuma har ta bi gemunsa tana ɗiga, ya jingina da itace barci ya ɗauke shi. Muna cikin ban kwana sai muka ji wata 'yar siririyar murya tana cewa, "Ƙanena. Ƙanena Korau." Muka juya. Ga Bawa zaune kamar gunki, idanu waje, wani sabon gemu baƙi mai motsi ya sauko masa har cinya. Ashe wani taron zuma ne ya tashi neman sabon gida, uwarsu ta sauka a gemunsa, duk inda uwa ta sauka kuwa nan 'ya'ya ke sauka.

Mutumin da ya riƙe ni a bakin mutuwa ya ce cikin raɗa, "Atishawa nake ji."

Na ce, "Yaya, in ka yi ta, mun shiga uku. Haɗiye."

Na dubi Iya Gwamma. Tana dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Ɗan jirginku ne, ai ku suka zaɓa." Na durƙusa na sa yatsu cikin gemun a hankali har na samo uwar, doguwa mai sheƙi, na sa ta cikin amya. Sauran suka bi ta kamar ana zuba hatsi a buhu. Da na ƙarshe ya shiga, Bawa ya yi atishawar da ta kori tsuntsayen tsibirin.

A hanyar dawowa amyar nan ta zama jaririyar jirgi. Muka rufe bakinta da siririn ƙyalle, muka yi mata inuwa, ina ba su ruwan zuma a ƙoƙo. Baba Cindo yakan rage nasa ruwan sha ya yayyafa mata in rana ta yi zafi, yana tsammanin ba mai ganinsa.

Mun kusa ruwan ƙasarmu, wata safiya ina ƙoli na hango jirgi mai jajayen filafilai yana yanko mana hanya. Uwar Jirgi ta ce 'yan fashin teku ne, sun fi mu gudu, sun fi mu yawa, kuma ba su barin mai ba da labari. Ta dubi amya, ta dube ni. Na gane. Ta ce, "Korau, abincin ƙasarku ne a ciki. Ba zan ce ka yi ba."

Na dubi damtsen Bawa inda tabon igiya yake. Na sa hannu cikin amyar na ɗauko uwar, na sa ta a wani ɗan ƙoƙo mai huji na cusa cikin rigata. Muka naɗe amyar da mayafin alharini na Uwar Jirgi, muka jijjiga ta sosai don ran masu gida ya ɓaci, mu kuma muka zauna kusa da wani tsohon filafili.

Suka hau mana da takubba. Babbansu, wani mai zoben hanci, ya ce, "Ina dukiyar jirgin nan?"

Uwar Jirgi ta nuna ƙunshin ta ce, "Ga ta. Wallahi ba mu da abin da ya fi ta. Amma da za ka ji shawara, da ba ka buɗe ba."

Ya yi dariya, ya kira mutanensa su matso su gani, ya sa takobi ya farke. Mu kuwa muka ja filafili muka lulluɓa. Abin da muka ji daga ciki ba ya faɗuwa: ihu, zagi, kiran uwa, ƙarar takubba na zubewa, sai tsulum, tsulum, ƙarti na faɗawa ruwa. Waɗanda suka rage a jirginsu suka ga baƙin hayaƙi mai kuka ya nufo su, suka yanke igiyar da ta haɗa jirginsu da namu, suka tsamo na tsamowa suka yi gaba.

Da muka fito, amya fayau. Na zauna a gindin jigo, na fito da ƙoƙon na ɗora a bakin amyar bayan na ɗinke ta. Uwar Jirgi ta hana a ɗaga filafili, ta bar jirgin yana shawagi wuri ɗaya. Can sai ga ɗaya ta sauka. Sai biyu. Sai suka riƙa dawowa ta kowace fuska, gajiyayyu, suna bin ƙamshin uwarsu. Da yawa sun mutu a yaƙin, amma waɗanda suka dawo sun isa gida.

A Bakin Gishiri muka rabu da Uwar Jirgi da Baba Cindo. Tsohon ya rungume ni yana kuka yana cewa hayaƙin murhu ne. Ita kuwa ta ce, "Gurbinka na nan. Duk shekarar da ƙafarka ta yi ƙaiƙayi, ka san inda muke tsayawa." Bawa ya ce shi sai ya raka 'ya'yansa har ɗakinsu, tunda a gemunsa aka ɗauko su. Ya ɗora amyar a ka, muka hau tudu.

Mun shiga Rimin Kwalo ɗorawa na cikin fure. Gari ya fito kaf, Lantana a gaba ta rufe baki da mayafi. Na hau babbar ɗorawar ƙofar gari na ɗaure amyar, na cire ƙyallen. Suka fito suka yi sama, suka kewaya itacen, suka ɓace. Mutane suka ɗaga kai suna neman su a sama. Wani ya ce, "Sun koma ƙasarsu." Hantsi ya ɗaga, rana ta fara zafi, ba wanda ya tafi gona, ba wadda ta koma ɗaka. Ni ina bisa reshe, na kasa saukowa.

Sai ga ɗaya ta dawo ta sauka a bakin amya, ƙafafunta biyu ɗauke da garin fure rawaya, har tana tangaɗi don nauyi. Na leƙo ƙasa, na ɗaga musu hannu. Lantana ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, Bawa ya ɗaga waƙar jan igiya, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka kama amshi har da tsofaffi. A shekarar kabewa ta yi 'ya'ya har ta karya danga, amya ɗaya kuma ta haifi duk waɗanda kuke gani yau a itatuwan Zangarma.

Nan jirgin zancena ya taɓa gaɓa. Abin da na faɗa daidai, daga teku na ɗebo shi. Inda na ƙara gishiri, ku yafe, a can na saba da shi. A miƙo ƙwaryar zumar nan ta zagaya, kowa ya sa yatsa.